Fulakon Malam Yuguda Mai Ƙanƙara

Wanda ya daɗe yana sayar da abinci a kasuwa ta baki yake sanin mutane. Akwai mai haɗama, akwai mai yanga, akwai mai ci yana waige kamar an biyo shi. Sunana Furera. A unguwar Barade ta Jalingo aka haife ni, amma kakana daga Kano ya taso da fataucin goro, Jalingo ta yi masa, ya sauke kaya bai sake ɗauka ba. Rumfata tana cikin Kasuwar Jalingo, bayan layin masu doya. Kunun gyaɗa da safe, da rana tuwon masara da shinkafa, sakwara kuma sai ranar da kafaɗata ta yarda. Kusan duk mutanen layinmu na san yadda suke tauna. Mutum ɗaya ne ya gagare ni, shi ne Malam Yuguda mai ƙanƙara, wanda shagonsa ke jingine da rumfata tun kafin furfura ta san hanyar kaina.

Dogo ne siriri, fari irin farin Fulani. Ba shi da gira sai alama, gashin da ke leƙowa ta ƙarƙashin hularsa kuma 'yan tsiraru ne masu laushi. Kullum yana naɗe da wani farin rawani da ya rufe baki har karan hanci. Kullum kuma rigarsa a jiƙe take, don akwai wata buta da ba ta rabuwa da shi, jim kaɗan ya tsiyaya ruwa a tafi ya shafa a wuya da ƙirji. Yaran kasuwa suna cewa zama da firiza ne ya mai da shi kifi. Ƙanƙara yake sayarwa da ruwan leda da zoɓo, kuma mutumin kirki ne na ƙarshe. In an ɗauke wuta shi ke da janareto, mai kifi da mai kindirmo duk wajensa suke kawo kaya ya adana musu, bai taɓa ɓata rai ba. Maganarsa ƙasa-ƙasa take, sai ka matso za ka ji. Dariyarsa kuwa a ido kawai nake ganinta, ban san sautinta ba.

Abin da ya haɗa ni da shi cin abinci ne. Da an idar da azahar zai miƙo mini kwanonsa mai murfi ya ce, "Hajiya, tuwo mai laushi, miya da yawa, ban da nama." Ya karɓa, ya shige shago, ya jawo ƙofa. Da farko na ɗauka babu ce, sai na riƙa jefa masa tsoka a ƙasan miya ban faɗa ba. Kwano ya dawo a wanke, tsokar nan a ƙulle cikin leda a kan murfi, ko haƙori ba a sa mata ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da nake sammako in zaɓi nama da hannuna, a dawo mini da shi kamar na ba da guba?

Na kai ƙara wajen Alhaji Maishanu, wani tsohon dillalin shanu da ke yini a bencina yana shan kunu yana gyara wa duniya zama. Ya yi dariya ya ce, "Ke Bakanuwa ce, ba za ki gane ba. Fulako ne. Bafulatanin asali ba ya bari a ga bakinsa yana motsi da abinci, ko yunwa za ta kashe shi. Nama kuma nuna kwaɗayi ne. Irin su Yuguda sun ƙare a duniya."

Haka kowa ya ɗauka, har ni. In ana suna ko ɗaurin aure zai zo da wuri, a yi addu'a da shi, da an fara jin ƙarar faranti sai a neme shi a rasa. Da azumi a masallacin kasuwa, ya juya wa sahu baya, ya kurɓi ruwa ya tashi. Iyaye har misali suke kafawa da shi in yaro ya cika ci. Na haƙura na daina sa nama, amma ban daina tsokanarsa ba. In ce, "Malam, yau dai ka zauna mu gani, ko ta hanci kake ci." Idonsa ya yi dariya, ya ce, "Useko, Hajiya," wato na gode da Fulatanci, ya ja ƙofarsa.

Lokaci ɗaya na ga ya sake, shi ne shekarar korona, da aka sa kowa ɗaura takunkumi. Mutane na ta ƙorafi, shi kuwa kamar salla aka yi masa. Ya ajiye rawani ya sa takunkumi irin na kowa, yana tsayawa ƙofar shago yana jan mutane da hira, har da ba'a. Ashe mutumin nan ya iya ba da labari. Da aka daina sawa, rawani ya dawo, hirar ta koma ciki. A lokacin ban kawo komai a raina ba.

Matarsa Kadijatu ta daɗe da rasuwa. 'Ya ɗaya ta bar masa, Mahbuba, shi ya ƙarasa rainonta, har kitso yakan kawo ta in yi mata a bayan rumfa. Yanzu tana aure a unguwar Kachalla Sembe. Ba ya kiran sunanta saboda 'yar fari ce, sai dai ya ce yarinyar nan. Ita ta haifi Auwal, ɗan shekara shida, wanda nake kira angona. Yaro ne mai wayo, mai manyan idanu, gashi sako-sako irin na kakansa. In an taso makaranta a shagon ƙanƙara yake yini, su biyun suna jiƙa wa juna riga suna musu a kan wa ya fi wani tsufa. Haƙora biyu ne kacal a bakinsa, a sama, masu tsini. Duk wanda ya gani sai ya ce wa uwar ta yi haƙuri, wasu yaran haƙoransu nawa suke yi. Duk zazzaɓin da ya yi tun yana goye, haƙori aka ɗora wa laifi.

Wata rana cikin zafin nan na Afrilu, kafin ruwan farko, Mahbuba ta ɗauko shi daga makaranta suka biyo ta kasuwa a ƙafa. Suna isowa gaban rumfata yaron ya sulale ƙasa. Na taɓa shi na ji jiki kamar murfin tukunya, amma a bushe ƙayau, ko ɗigon gumi babu. Mata suka taru. Wata ta ce zazzaɓin haƙori ne, a lulluɓe shi ya yi gumi zai sauka. Nan take aka rufa masa mayafi, wata kuma ta tafi neman ganyen darbejiya a yi masa sirace. Ba mugunta ba ce, haka muka taso muka ga ana yi wa mai zazzaɓi.

Sai ga Malam Yuguda ya ratso matan da gudu, mutumin da ban taɓa gani yana sauri ba. "Ku cire masa! Ba ya gumi, ba zai taɓa yi ba." Ya fizge mayafin, ya sungumi yaron zuwa shago, ya tuɓe masa riga da safa, ya shimfiɗa shi a siminti. Ya riƙa kwara masa ruwa, ya naɗe ƙanƙara a tsumma ya sa masa a wuya da hammata, ya miƙo mini kwali ya ce in yi fifita. Muna cikin haka rawanin ya warware ya faɗa cikin ruwa, bai ma sani ba. Na ɗaga kai na ga bakinsa. Leɓɓa sun shige ciki, haƙora biyu masu tsini a sama, sauran duk dasashi ne. Bakin Auwal ne sak, sai dai wannan ya tsufa. Can yaron ya buɗe ido ya nemi ruwa. Malam Yuguda ya kai hannu fuskarsa, ya ji ba komai, ya dube ni. Na ci gaba da fifita.

Washegari da safe, kafin kasuwa ta cika, ya zo ya tsaya gefen murhuna, ba kusa sosai ba saboda zafi. Ban tambaye shi ba, shi ya fara. Ya ce a ruga aka haife shi, can hanyar garin Mutum Biyu.

"Ban iya bin shanu ba, Hajiya. Rana na ɗagawa sai in faɗi. An yi mini sirace har na kusa barin duniya, an yi rubutu, an yi turare. Dada, mahaifiyata, ita ce ta gane da kanta cewa ruwa ne maganina, don ƙaninta ma haka aka haife shi, shi bai yi rai ba. Da fura da nono ta raine ni. In an yi yanka sai ta daka mini nawa a turmi."

Ya ce yana ƙarami aka yi wani suna a rugarsu, ya zauna cikin yara ana ci a ƙwarya ɗaya. Wata baƙuwa ta tsaya tana kallon yadda yake mamular abinci yana zubo masa. Da ta hango haƙoran nan masu tsini sai ta janye ɗanta daga ƙwaryar, ta tofa masa addu'a. Daga ranar ya koma cin abinci a bayan bukka. Da ya tasa aka kawo shi Jalingo wajen wani mai ƙanƙara, don a nan ne kaɗai zai iya aiki bai faɗi ba.

"Da na zo gari sai na ji mutane sun sa wa abin suna mai kyau," in ji shi. "Suka ce fulako. Ni kuma na karɓa, ya fi sauƙin ɗauka."

Na ce, "To ita marigayiya fa?"

"Ta sani, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Takan ajiye mini a ɗaki ta fita. Har ta koma ga Allah ba ta ga na ci abin da ta dafa ba."

"Shi kuma yaron, ka san haƙoran ba za su fito ba?"

"Tun ranar suna na sani. Na ɗauke shi na ji jikinsa. Na gaya wa yarinyar nan ta riƙa jiƙa masa riga, amma zancen haƙora bakina ya kasa faɗa. Kullum sai in ce ko shi Allah zai sa nasa su fito."

Tausayinsa ya kama ni, haushi ma ya kama ni, na rasa wanda zan ji haushinsa. Na ce masa, "Naka ya riga ya faru, amma angona ba za a bar shi haka ba. Asibiti za mu."

Da shi da ni da Mahbuba muka kai yaron sashen haƙori na asibitin gwamnati. Likitar, Dakta Hamna, ba ta wuce sa'ar Mahbuba ba, ga sanyin hannu. Ta duba bakin Auwal, ta shafa gashinsa, ta tambayi zancen gumi, ta sa aka ɗauki hoton muƙamuƙinsa. Sannan ta dubi mai rawani ta ce, "Baba, ko akwai mai irin wannan a dangi?" Ya sauke rawanin da kansa.

Ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce lalura ce ta gado da ba kasafai ake ganinta ba, tana taɓa gashi da gumi da haƙori tare. Uba kan ba 'yarsa, ita ba lalle ta nuna a jikinta ba, sai ta fito a ɗanta namiji. Ba maita ba ce, ba laifin kowa ba ne, kuma haƙoran da ake jira ba za su fito ba, don babu su a cikin ƙashin. Gumi ba a iya sa masa, sai dai a kiyaye shi da ruwa da inuwa, a gaya wa malamansa. Amma haƙora za a iya yi masa na roba daidai bakinsa, ya tauna abinci, maganarsa ta fita, a riƙa sake masa wasu yana girma. Ta ƙara da cewa, "Kai ma, Baba, za a iya yi maka." Ya mai da rawaninsa ya ce, "A yi wa yaro. Ni na riga na saba."

A keke napep muna dawowa Mahbuba ta fashe da kuka ta ce, "Goggo, ashe ni na ba shi." Mahaifinta yana gaba kusa da direba, bai waiwayo ba ya ce, "Ni na ba ki. Ni ma Dada ta ba ni, ita ma ba a kasuwa ta saya ba. Share hawayenki, yaron yana kallonki."

Mai ƙera haƙoran wani Nehemiya ne, mutumin Zing, gajere mai fara'a, wanda Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji. Ya dama wani ƙullu mai ƙamshin na'ana'a, ya zuba a wani cokali mai faɗi, ya ce wa Auwal, "Buɗe baki, abokina, ba za ta cije ka ba. Ni ne ma nake tsoron naka." Da haka ya ɗauki siffar dasashin. Muka yi ta zarya, yau gwaji, gobe a rage nan a ƙara can. Likita ta cike gefen masu tsinin nan suka koma kamar na kowa. Nehemiya ya zaɓo ƙananan haƙora ya jera su da 'yar tazara, ya ce na yara haka suke, in ya jera su cif-cif za a ce yaro ya aro na babansa. Ranar da aka sa masa aka ba shi madubi, Auwal ya daɗe yana kallo, ya rufe baki, ya buɗe, ya sake rufewa. Fuskarsa ta ciko, ya koma yaro. Ni da Mahbuba muka yi ta share ido da bakin mayafi.

Na ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. Haƙoran roba ba takalmi ba ne da za a zura a kama hanya. Suna gurzar dasashi, masu wannan lalura kuma yawunsu kaɗan ne, ba ya riƙe su sosai. Nehemiya ya ce a riƙa dawowa yana goge inda ke ciwo, a daure, baki zai saba. Amma wata rana a makaranta, ana cikin karatu da ƙarfi, na ƙasan ya zame ya faɗo kan benci, aji ya ɗauki dariya. Daga ranar Auwal ya ƙi su. Uwar ta lallaba, uban ya yi faɗa, duk a banza. Sai ta riƙa sa su a ɗan gwangwani mai murfi da ruwa a ciki tana jefa masa a jaka, ko Allah zai sa. In an matsa masa sai ya ce, "Ai Kaka ma ba ya sawa."

Abin da ya karya Malam Yuguda a gabana ya faru. An taso makaranta, na zuba wa angona tuwo da miyar karkashi, na ce ya zauna kusa da ni. Ya ɗauki kwanon da hannu biyu, ya dubi mutanen da ke benci, ya wuce shagon kakansa, ya jawo ƙofa da ƙafa. Alhaji Maishanu ya ajiye ludayin kununsa ya ce, "Masha Allah. Kun ga ɗan asali ko? Tun yanzu ya ɗauko fulakon kakansa. Wannan yaro zai yi mutunci." Duk benci aka amsa da masha Allah. Malam Yuguda yana tsaye yana miƙa wa wata mata ƙanƙara. Ta karɓa ta tafi, hannunsa yana nan a miƙe.

Da la'asar ya zo ya ce mini, "Hajiya, kin ji abin da suka ce? Haka aka ce da ni, kuma daɗi na ji a lokacin. Za su yi ta yabonsa har ya tsufa shi kaɗai a bayan ƙofa." Na ce, "To me za ka yi?" Ya ce in duba masa shago gobe da safe.

Ashe asibiti ya koma a yi masa nasa haƙoran, kuma nasa ya fi na yaron wuya. Dasashin da bai taɓa ɗaukar haƙori ba siriri ne, ba wurin kamawa, ga kuma shekaru. Ya sha zarya, bai gaya wa kowa ba sai ni, ko Mahbuba ba ta sani ba. Da aka gama ya riƙa sa su a ƙarƙashin rawani yana koyo. Kwanakin farko ko sallama ya amsa sai da fito, ni kuwa na samu abin tsokana, ina tambayarsa ko tsuntsu ne ya shiga firiza. Bakinsa ya yi ciwo, ya koma aka goge, ya dawo ya ci gaba. Na zama malamarsa ta bayan ƙofa, ina aika darasi a kwano. Na fara da dafaffen dankali, na koma wake da shinkafa, daga baya nama da na dafa har ya gaji na yanka ƙanana. Nehemiya ya ce masa ya riƙa tauna ta gefe biyu a tare, yana kurɓar ruwa. Ranar da kwano ya dawo ba saura, na zauna a kan turmi ina ta jujjuya kwanon, har wani mai saye ya tambaye ni ko lafiya.

Na ce masa, "To ka nuna wa yaron mana."

Ya ce, "In na nuna masa a shago, na koya masa ci a shago ke nan."

Ranar da ya zaɓa kasuwa ta cika, an idar da azahar, bencina ba masaka tsinke. Sai ga wani dattijo ya fito daga shagon ƙanƙara riƙe da hannun Auwal, hula a ka, ba rawani. Wallahi sai da na sake kallo. Kumatu sun ciko, haɓa ta sauko, ashe kyakkyawan mutum ne. Rigar ce kawai ta nuna shi, a jiƙe kamar kullum. Ya yi sallama ya ce a matsa musu. Aka matsa ana kallon-kallo.

"Hajiya, shinkafa da nama. A kwano ɗaya."

Na zuba musu. Alhaji Maishanu ya leƙa fuskarsa ya ce, "Yuguda? Lafiya dai? A nan za ka ci, a gaban jama'a?"

"A nan, Alhaji. Abin da kuke yabo ba fulako ba ne. Ba ni da haƙora tun haihuwa, kunyar bakina nake ji. Jikana ma haka aka haife shi. Waɗannan na roba ne, a asibiti aka yi mini."

Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kai loma. Goshinsa a bushe yake, amma na san da yana gumi da ya jiƙe sharkaf. Auwal bai taɓa abincin ba, kakansa kawai yake kallo. Shinkafa ta wuce lafiya. Sai ya ɗauki tsoka, ya manta ya gatsa da na gaba, na ƙasan ya ɗago ya faɗo cikin tafinsa a idon kowa.

Wani ɗan dako ya tuntsire da dariya. Na ɗaga ludayi da niyyar in ya ƙara in sauke masa a ka. Auwal ya ƙanƙame gefen benci, ya runtse ido, yana shirin tashi. Sai muka ji wata dariya daban, mai kauri, wadda ba wanda ya san ta a kasuwar nan. Malam Yuguda ne. Ya ɗauki butarsa ya ɗauraye haƙoran a fili, ya mayar, ya danna da yatsa, ya ce wa yaron, "Ka gani, abokina? Nawa ma gudu suke yi. In sun faɗo sai a wanke a mayar, ba wanda ya mutu." Ya dubi ɗan dakon ya ce, "Yi dariyarka, ɗana, ni ma abin ya ba ni dariya."

Alhaji Maishanu ya daɗe yana juya ludayi a cikin kunu. Can ya ce, "Shekara da shekaru muna tare, Yuguda. Allah ya yafe mana." Bai ƙara ba, abin da ban taɓa gani ya yi ba.

Auwal ya buɗe ido. Ya dubi ɗan dakon ya ga ya sunkuya kan abincinsa, ya dubi sauran ya ga kowa ya koma kan kwanonsa. A hankali ya jawo jakar makaranta, ya fito da gwangwanin ya buɗe. Ya sa na sama, ya sa na ƙasa, ya danna da yatsa yadda ya ga an yi. Sannan ya sa hannu a kwanon ta gefensa.

Suka yi ta ci a hankali, buta a tsakaninsu. Yaron ya fi shi iyawa, har yana ce masa, "Kaka, ƙanana za ka riƙa ɗauka." Hira ta dawo benci, wani na zancen doyar bana, wani na zagin masu wuta. Na lura Malam Yuguda yana bin bakin kowa da kallo, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya fasa. Da na zo ƙara musu miya ya matso ya rage murya.

"Hajiya, me ake cewa in ana ci da mutane? Ban san yadda ake yi ba."

Mutum ya haura hamsin, ya aurar da 'ya, ya ga jika, yana yi mini wannan tambaya. Na daure na ce, "Ba wani abu ba ne, Malam. Mai abinci ake kushewa. A ce nama ya yi kaɗan, ko gishiri ya yi yawa."

Ya gyaɗa kai, ya tauna abin da ke bakinsa ya haɗiye. Sannan ya ɗaga murya yadda duk benci zai ji.

"Hajiya Furera, gishirin nan ya yi yawa."

"Ya yi yawa," in ji Auwal, baki cike.

Sai kawai na ƙara musu shinkafa.